Wutsiyar 'Yan Jiniya

Yayana bai taɓa zuwa na ɗaya a komai ba, kuma bai taɓa nema ba. Ko a gida, in aka zuba abinci, shi ne ƙarshen wanke hannu. Mahaifiyarmu takan ce har haihuwarsa sai da ya yi nawa. Saboda haka da abokansa na ƙungiyar keke suka laƙaba masa Wutsiya, ba wanda ya yi mamaki a gidanmu. Sunan ya bi shi har ya danne na yanka. 'Ya'yan maƙwabta ma Baba Wutsiya suke ce masa, yana kuma amsawa.

Ni ƙanwarsa ce, ni nake bi masa. Da mijina ya rasu na dawo gidansa, lokacin shi ma matarsa ta riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansa sun watsu neman abinci a wasu garuruwa. Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, mu uku a ciki: ni da shi da keken. Na sa keken a lissafi ne domin a ɗaki yake kwana, jingine a gefen gadon Yaya, tukwanena kuwa a waje suke shan raɓa.

Asalin ƙungiyar daga masaƙa ne. Yaya a sashen rini yake, hannuwansa shuɗi har gwiwa, ba sabulun da ke fitar da shi. Da safe jiniya takan yi kuka, wanda ya iso bayan ta yi shiru sai ya tarar an rufe ƙofa, ranar ta tafi a banza. Hanyar kuma ta ratsa wani fili da ba gida ko ɗaya, inda ɓarayi ke tare mai keke in shi kaɗai ne, su raba shi da abin hawansa. Sai ma'aikatan unguwarmu suka fara haɗuwa a mararraba su tafi tare. Ba wanda ya zauna ya ce a kafa ƙungiya. Tsoro ne ya kafa ta, daga baya suka riƙa cewa zumunci ne. Mutanen unguwa suka sa musu suna 'Yan Jiniya.

Sai aka rufe masaƙar. Ba sanarwa, ba sallama ta mutunci, an dai wayi gari da kwaɗo a ƙofa. Magidanta masu ƙarfi a jika suka koma zaman gindin katanga suna kallon mutane na wucewa. Wata safiyar Lahadi aka ji ƙarar usur a mararraba. Mutum ya fito, wani ya fito, kowa riƙe da kekensa kamar mai jin kunya. Suka hau suka nufi masaƙa, suka tsaya a ƙofar suna kallon kwaɗon. Da suka gaji da kallo, maimakon su juya gida, sai suka wuce gaba har gada, inda wani mai shayi ke da benci a ƙarƙashin bishiya. Tun daga ranar, kowace Lahadi hanyarsu ke nan.

Mai usur ɗin shi ne Kyaftin. Bai taɓa sa kakin soja ba. Mai gadin ƙofar masaƙa ne, shi ne ma yake rufe wa makararru ƙofa a fuska, amma da yake shi kaɗai ke da usur, sai shugabanci ya faɗo hannunsa. Akwai Jirgi, makanikin injin saƙa, siriri mai dogayen ƙafafu, wanda yake cewa ya taɓa tsere da bas ya riga ta isa gada. Sauran sukan ce gaskiya ne, sai dai ya manta bai faɗi cewa tayar bas ɗin ta fashe a hanya ba. Akwai Likita, wanda shara yake yi a ɗakin shan magani na masaƙa, har ya haddace sunayen ƙwayoyi, ya zama ba ka isa ka yi tari a gabansa ba sai ya gaya maka abin da zai kashe ka. Akwai kuma Tela, wanda ba don shi ba da labarin nan bai zo inda ya zo ba.

A jere suke tafiya, taya na kusan taɓa taya, domin gefen titin siriri ne kuma manyan motoci ba sa tausayi. Wata rana Tela yana tsakiyar layi ya waiwaya don ya ƙara kallon wata mata da suka wuce. Kan kekensa ya karkace, na bayansa ya hau shi, na baya ya hau na baya, rabin ƙungiya ya zube a kwalta. Kyaftin ya bar haƙorinsa na gaba a wurin. Da jini a baki ya kafa dokar da suka riƙe fiye da duk wata doka: in an hau, ba waiwaye. Kowa ya dubi gabansa. Abin da ke baya aikin mutum ɗaya ne, wanda zai riƙa bin ƙarshen layi, kada ya wuce kowa, kada ya bar kowa. Aka dubi juna a ga wanda zai yarda ya riƙa shan ƙurar sauran. Yaya ya ce shi dama a can yake.

Ya ɗauki aikin nan da nauyin da bai ɗauki aikin rini da shi ba. A bayan kekensa akwai wata tsohuwar jaka da ya ɗaure da roba, cikinta famfo, da gam, da robar faci, da sifana, da tsumma, da gorar ruwa. Wanda tayarsa ta sace, ko sarƙarsa ta zame, sai ya fita daga layi ya tsaya, ba ya ko kiran kowa, ya san Wutsiya na tafe. Su kuma na gaba su wuce abinsu, su isa gada, a zuba musu shayi. In Yaya ya daɗe sai su ce wani ne ya yi faci. In ya iso kullum shayinsa ya huce, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Ba duk mai tsayawa ne tayarsa ta sace ba. Wannan ban san shi ba sai daga baya, daga bakin matan 'yan ƙungiyar. A shekarun nan na rashin aiki, mutum yakan rage gudu da gangan har layi ya yi nisa, ya sauka ya tsuguna yana latsa tayar da ba abin da ya same ta. Yaya ya tsaya, ya kwance jakarsa, ya ba shi ruwa. Sai mutumin ya fara magana: mai gidan haya ya ba shi notis ya tashi, ko matar ta kwashe yara ta tafi, ko ɗansa ya daina gaishe shi. Matar wani ta gaya mini mijinta ya taɓa tsayawa a bakin wani rami mai zurfi da ake haƙar tsakuwa, ya ajiye keke yana leƙen ƙasa. Yaya ya zo ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi har mutumin ya gaji ya koma kan sirdi. A gida kuwa in na tambayi Yaya me ya tsayar da shi, abu ɗaya yake cewa, wai faci ne.

Haka aka yi ta yi har gashi ya yi fari a kawunansu. Wasu suka mutu, wasu gwiwa ta hana su. Matasa sukan shigo su yi 'yan makonni su ga tafiyar tsofaffi ce su gudu. Shuɗin hannun Yaya ya kode ya bar tabo a gindin farce kawai. Da rana yana ɗan facin tayoyi a ƙofar gida, abin da muke ci ke nan, amma duk mako Lahadi yake jira.

Wata safiya ya ɗauko bokitin ruwa a tsakar gida, sai na ji ƙara. Na fito na same shi zaune a cikin ruwan, yana dafe da bango, wai jiri ne ya ɗan kwashe shi. Na ja shi asibiti da faɗa. Likita na gaske ya auna shi, ya sake aunawa, ya ce jininsa ya hau sosai, ya ba shi magani, ya ce doguwar tafiyar keke a cikin rana ta ƙare. Yaya ya ce to. Ranar Asabar da yamma na ga ya fito da keken yana ba tayoyi iska.

"Yaya, ba ka ji abin da aka ce ba ne?"

"Na ji. Ai ba gudu nake ba. Ni da nake baya."

"Shi ne abin da nake tsoro. In wani ya faɗi kai kake ganinsa. In kai ka faɗi fa?"

Ya ci gaba da buga famfo. Can ya ce, "Ke dai ki dafa min ruwan zafi da wuri."

Na san halinsa. Mutum ne da ba ya musu, kuma ba ya fasawa. Saboda haka na yafa mayafina na tafi gidan Kyaftin, kuma ko yau aka sake haka zan yi. Na same shi yana goge usur da gefen riga. Na gaya masa komai. Na ce ban ce a kore shi ba, domin in aka raba shi da keken nan ban san abin da zai rage ba. Abin da nake roƙo a sa mutum ɗaya a bayansa.

"Ƙanwarmu," in ji Kyaftin, "a bayan Wutsiya? In ya gane zai ji ciwo."

"Gara ya ji ciwo yana tsaye."

Ya tsotsi gurbin haƙorinsa. Ya ce zai yi dabara.

Dabarar ita ce Jirgi. Aka ce masa ya riƙa rage gudu a hankali har ya koma bayan Yaya, kamar gajiya ce ta kama shi. Ka ji wautar maza. Mutumin da duk rayuwarsa gaban layi yake nema, shi aka zaɓa ya yi kamar ya gaji. Ranar Lahadi, da suka wuce filin nan, Jirgi ya fara ja da baya. Yaya ya rage gudu. Jirgi ya ƙara ragewa, Yaya ya ƙara. Mai kayan miya da ke gefen hanya ta ce ta ga tsofaffi biyu a kan keke suna rarrafe, kowa yana riƙe birki, har wata akuya ta wuce su. Daga ƙarshe Jirgi ya rasa yadda zai yi ya sauka, ya ce tayarsa ce ba iska. Yaya ya sauka, ya latsa ta gaba, ya latsa ta baya. Ya miƙe ya dubi Jirgi.

"Wa ya aiko ka?"

Jirgi bai iya ƙarya ba sai a kan bas. Ya sunkuyar da kai.

Yaya ya dawo gida ya shigar da keken ɗaki, ya fito ya tsaya a bakin madafa. Tunda nake ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Ke kika je wurin Kyaftin."

"Ni ce."

"Kin mayar da ni kaya. Yau ni ake yi wa gadi."

"Kai ma mutum ne, Yaya. Jini ne a jikinka, ba giris ba."

"Abu ɗaya nake da shi a duniyar nan da in ban zo ba za a ce ina wane. Shi kika je ki karɓe."

Na ce masa abin da na ce, da zafi, har maƙwabta suka ji. Ya juya ya shige ɗaki. Mako ya zagayo, ya je mararraba ya gaya musu a gaban kowa cewa ko dai a bar shi a inda yake ba kowa a bayansa, ko ya juya gida yanzu kada su sake ganinsa. Likita ya fara lissafo abin da hawan jini ke yi wa mutum, Kyaftin ya ɗaga masa hannu. Suka yarda. Daga baya sun ce mini girmama shi suka yi. Na yarda akwai girmamawa a ciki. Amma akwai kuma cewa ba wanda ke son jakar nan, kuma sun saba da tafiya hankali kwance.

Ya yi wasu watanni lafiya, har na fara sakin jiki. Ranar da abin ya faru rana ta fito da wuri, da zafi. Ya sha maganinsa a gabana, ya ɗaure jaka, ya fita. A kwanar da ke bayan katangar masaƙa, inda ciyawa ta rufe lambatu, nan jijiyar kansa ta tsinke. Na gabansa Tela ne. Ya ce ya ji wata 'yar ƙara kamar keke ya taka gwangwani. Ya ce wuyansa har ya motsa, sai ya tuna doka, dokar da a kansa aka kafa ta, ya miƙe kansa ya ci gaba da taka feda.

Suka isa gada, suka jingine kekuna, aka zuba shayi. Mai shayi ya ajiye kofin Yaya a ƙarshen benci ya rufe da faranti kamar kullum. Suka yi ta hira. Wani ya ce Wutsiya ya daɗe yau, wani ya ce faci ne. Jirgi ya sake ba da labarin bas, aka yi masa ihu. Aka ƙara zagaye na biyu. Inuwar bishiya ta matsa, suka ja benci suka bi ta. Sai Likita, da kofi a hannu, ya bi fuskokinsu da kallo daga wannan gefe zuwa wancan, ya ajiye kofin.

"Wa yake yi wa facin? Ai duk muna nan."

Suka zabura suka nufi kekunansu. Jirgi ne ya fara hawa, kuma an ce ranar ya yi gudun da yake ta ba da labarinsa shekara da shekaru.

Sun same shi rabinsa a cikin lambatu, keken a kan ƙafarsa, idonsa a buɗe yana kallon rana. Motoci sun yi ta wucewa, ciyawa ta kare shi. Wani mai tafiya a ƙasa dai ya gan shi kafin su, domin jakar ba ta nan, an yanke robar. A asibiti aka ce da an kawo shi da wuri da an ceci abu mai yawa. Ban so aka faɗa a gabansu ba, ban kuma ji tausayinsu ba da aka faɗa.

Bai mutu ba. Ɓarin jikinsa na dama ne ya mutu, bakinsa ya karkace, magana ta tafi sai wani gurnani da ni kaɗai nake fassarawa. 'Ya'yansa suka zo suka yi kuka suka koma bakin aikinsu. Ni nake juya shi, ni nake ba shi abinci a baki, wanka kuma wani maƙwabci yake taimaka mini. Keken na fitar da shi tsakar gida, Yaya ya yi ta gurnani yana dukan katifa da hannun hagu har na mayar da shi ɗaki.

'Yan Jiniya suka canza hanya. Kowace Lahadi sai su biyo ta layinmu, su wuce ta ƙofar gida a jere, Kyaftin ya busa usur. Nakan fitar da Yaya a kujera tun da sassafe, in jingine shi da filo. Yakan bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, ba ya yarda in motsa shi sai na ƙarshe ya sha kwana. Wannan ne kaɗai lokacin da nake ganin Yayana a cikin fuskar nan. In Asabar ta yi yakan ci abinci sosai.

Amma tafiyar ta riga ta lalace. Ba wanda ya yarda ya zama wutsiya, ba kuma wanda ya iya daina waiwaye. Kowa yana tafe yana juya wuya, layi yana tangal-tangal kamar na masu koyo. Tela ya faɗi ya karya ƙugu, bai sake hawa ba. Kyaftin ya kwanta ciwon kwana kaɗan ya cika, aka rasa wanda zai karɓi usur. Jirgi ɗansa ya zo ya ɗauke shi zuwa wani gari. Layin da a da yake cika titi ya koma mutum kaɗan, kuma kowane wata sai an ragu. Ban gaya wa Yaya mutuwar kowa ba. Ban sani ba ko ya gane daga gurbin da yake gani.

Wata Lahadi muka zauna a ƙofa har rana ta ɗaga. Can sai ga Likita shi kaɗai, ba a kan keken ba, yana turo shi. Ya tsufa ƙwarai. Ya tsaya ya gaishe mu, ya tambayi ko Yaya na shan magani a kan lokaci. Yaya bai dube shi ba. Ta bayan kafaɗarsa yake leƙe, can ƙarshen layi inda suke ɓullowa.

Likita ya waiwaya shi ma, ya dawo da kansa. Ya ce a hankali, "Ba kowa a bayana, Wutsiya. Ni ma sallama na zo yi. Ƙafar ta ƙi."

Ya tura kekensa ya tafi. Na kama kujera zan juya ta, Yaya ya miƙa hannun hagu ya riƙe ƙarfen ƙofa. Na ja, ya ƙara damƙewa. Na bar shi. Na shiga na wanke kwanuka na fito, yana nan. Rana ta iso ƙafafunsa, ta hau gwiwarsa, zufa na bin gefen bakinsa da ya karkace. Zuciyata ta ce in gaya masa sun bi ta wata hanya, mako mai zuwa za su zo. Amma mutumin da ya gane tayar Jirgi ba ni zan ruɗe shi ba. Na tsuguna a gabansa.

"Yaya, an gama. Kyaftin ya rasu tun kwanaki. Tela ba ya tashi, Jirgi ya bar gari. Ba wanda ya rage a hanya."

Ya daɗe yana kallona. Sannan yatsunsa suka saki ƙarfen, ɗaya bayan ɗaya, hannun ya faɗo kan cinyarsa. Na shigar da shi ba gardama.

Ranar Asabar bai ci komai ba. Da Lahadi ta zo na tashi da wuri duk da haka, na shimfiɗa filo a kujera, na kawo ta bakin gadonsa, na ce ko iska ce ya fito ya sha. Ya dubi kujerar. Da hannun nan ɗaya ya ja jikinsa, da ƙyar, ya juya fuskarsa bango. Na tsaya ina jira ko zai juyo. Da na gaji na ɗauke kujerar na kai ta bayan ƙofa, na je na ɗora ruwan wankansa.